Mun Iya Tayi, Ba Mu Iya Sayen Taya Ba

 

Yau bakin titi za mu fita. Ku zo mu tsaya a gefen hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Bakori ta nufi Malumfashi, a tsakiyar kaka, lokacin da masara ta bushe kowa ke rige-rigen kai tasa gida ko kasuwa. Ba za mu daɗe a tsaye ba za mu ga abin da ya kawo mu. Ga Boxer nan tafe, buhu biyu a kan kariya an ɗaure tamau da roba, mai mashin ya matso har kan tanki don ya ba kaya wuri. Tayar baya ta baje a ƙasa, fuskarta ta suɗe tas kamar sanƙo, wani wurin ma har zare ya leƙo. Mu ce masa sannu da ƙoƙari, ya ɗaga mana kai ya wuce. Bayansa wani, bayan wannan ma wani.

Wannan mutumin ba baƙo ba ne. Ƙanenmu ne, ko maƙwabcinmu, ko mu da kanmu ranar da muka je ɗauko taki. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi babur ya daɗe da gaje aikin jaki. Shi ke fito da tumatir da rake daga fadamun Ɗanja, shi ke kai masara da waken suya kasuwar Ɗandume, shi ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen Ƙafur cikin dare. Duk wannan nauyin, da ran wanda ke bisa, a kan wurare biyu yake tsaye, kuma kowannensu bai kai faɗin tafin hannu ba. Iyakar abin da ke taɓa ƙasa a jikin babur ke nan.

To, yaya muke sayen abin da ke riƙe da ranmu? Mun sani, don duk mun yi. Mu isa shago mu ce, “Alhaji, tayar baya ta Boxer.” Ya ce akwai ta kaza akwai ta kaza. Mu ce, “Ba ni mai sauƙin.” Daga nan sai ciniki ya kaure, mu taya ya ce albarka, mu yi kamar za mu tafi ya kira mu. Mu ɗan matsa ta da babban yatsa ta cikin ledar da aka naɗe ta, mu rataya a kafaɗa, mu tafi muna murna mun rage ɗari biyar. Rabin awa mun ɓata a kan farashi, ko minti ɗaya ba mu ba tayar kanta ba.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne mu ba mutanen da ba su iya saye ba ne. Wanda zai sayi ragon layya sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya shafa gadon baya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Manomin da bai taɓa zama a aji ba ya san bambancin buhun da aka rubuta wa 15-15-15 da wanda aka rubuta wa 20-10-10, kuma ba ka isa ka ba shi wannan a madadin wancan ba. In zai sayi maganin feshi sai ya juya kwalba ya nemi ranar lalacewa. Amma taya, wadda ita ma an rubuce mata jiki kaf da lambobi irin waɗannan, sai mu ce ai baƙar roba duk ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce, kuma masu ɗori na yankin nan shaidu ne.

Mu fara da lissafi, don lissafi ba ya son kai. A gefen tayar babur, bayan lambar girma, akwai wata lamba da harafi a manne da ita, kamar 45P ko 50P. Lambar tana faɗin iyakar nauyin da tayar za ta iya ɗauka, harafin kuma iyakar gudu. Ma'auni ne da duk kamfanonin duniya suka yarda da shi. 41 na nufin kilo 145. 45 na nufin kilo 165. 47 kilo 175 ne, 50 kilo 190, 52 kuma kilo 200. Harafin P kilomita 150 a awa ne, L 120, J 100. Gudu ba shi ne matsalarmu ba, don babu Boxer ɗin da zai kai 150 da buhu a baya. Matsalarmu nauyi.

Boxer ƙarami kansa ya ɗan haura kilo 100. Mai tuƙi mu ce kilo 65. Buhun masara kilo 100. Da buhu ɗaya kacal mun tasar wa kilo 275, kuma ba raba daidai tayoyin ke yi ba: buhun kusan gaba ɗayansa a kan ta baya yake, ga rabin nauyin mashin, ga fiye da rabin na mai tuƙi. In muka haɗa, tayar baya na ɗauke da abin da ya kusa kilo 200. Mai lamba 45 an riga an wuce ƙarfinta, mai lamba 50 ma a bakin iyakarta take. To ina ga buhu biyu, da jimlar nauyi ta kai wajen kilo 375? Ko mun sa mai 47 a gaba da mai 50 a baya, ƙarfinsu a haɗe kilo 365 ne. Ma'ana, babu tayar da ke rataye a shagunan Funtuwa mai wannan girman da aka yi domin buhu biyu. Wanda ya ce maka tasa za ta ɗauka, kuɗinka yake so.

Mun san abin da za a ce: “Ai kullum muna ɗauka, ba abin da ya faru.” Gaskiya ne, taya ba ta fashewa ranar farko. Kamfani yakan bar ɗan rara, mu kuma a cikin rarar nan muke rayuwa. Amma duk juyin da taya ta yi da nauyin da ya fi ƙarfinta, gefenta na lanƙwasa yana miƙewa, lanƙwasar na haifar da zafi, zafin na cin zaren da ke ciki yana raba shi da roba. Ba a ganin wannan daga waje. Ranar da za ta yi bindiga kuwa ba ta shawara da kowa, kuma ta fi zaɓar ranar da rana ta take, kwalta ta yi zafi, kaya suka yi nauyi, ana sauri a cim ma kasuwa.

Saboda haka abu na farko da mai ɗaukar kaya zai nema shi ne lambar nauyi mafi girma da zai samu a girman da ya dace da mashin ɗinsa. Kusa da ita yakan ga 4PR ko 6PR ko 8PR. Wannan ƙarfin gangar jikin tayar ne. Mai 6PR ta fi mai 4PR jure kaya da ƙaya da tushiyar kara. Ɗan makarantar da ke zuwa aji ya dawo shi kaɗai, 4PR ta ishe shi. Ɗan acaɓa da mai jigilar hatsi, kada ya sauka ƙasa da 6PR a baya ko da za a ba shi kyauta.

Abu na biyu girma. Boxer ƙarami yana fitowa da 2.75-17 a gaba, 3.00-17 a baya. Lambar farko faɗin taya ce, ta biyu girman wili. Yawancin Jincheng da masu irin ƙirarsa wilinsu 18 ne. Wata ɗabi'a ta shigo mana, musamman matasa, ta cusa tayar da ta fi faɗi a siririn wili, wai don mashin ya yi kwarjini ko ya fi ɗaukar kaya. Taya mai faɗi a matsattsen wili tsukewa take ta yi tsini, abin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, sai dai ta riƙa gogar murfin sarƙa, mashin ya riƙa gardama a kwana. Wanda ya ƙera babur ɗin ya gwada kafin ya rubuta girman. Bakanikenmu, duk da girman da muke ba shi, bai gwada ba.

Abu na uku, wanda muka fi jahilta, shekaru. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Iska da zafi da hasken rana suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa a gefe da cikin zane. Shi ya sa ake buga wa taya ranar haihuwa. A nemi lambobi huɗu a gefenta, sau da yawa a cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai, a ƙarshen layin da ya fara da DOT in tana da shi. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022, wato farkon watan Yuni. 0519 na nufin mako na 5 na 2019. Tun shekarar 2000 ake wannan tsarin na lamba huɗu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana cewa shekara huɗu daga ranar ƙira taya ta gama aiki. Kamfanin Michelin kuma yana cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kada kuma ta wuce goma ko da tana da kyan gani. Mu da muke ƙasar da zafin bazara ke tasar wa digiri 40, kuma tayoyinmu ke yini a rataye a ƙofar shago rana na dukansu, gajeren wa'adin ya fi kama da namu.

Don haka “sabuwa ce dal a leda” ba hujja ba ce. Ledar ma ita ce ke ɓoye mana abin da ya kamata mu gani. Mu sa a yage gefenta. In mai shago ya ce ba a buɗewa sai an biya, mu ce to za mu biya bisa sharaɗin in ta tsufa zai canza. In ya ƙi, akwai shago na gaba. In kuma muka duba ko'ina babu ranar ƙira, babu lambar nauyi, babu sunan ƙasar da aka yi ta, to wanda ya yi ta ma bai yarda ya tsaya a bayanta ba. Don me mu za mu hau kanta?

Yanzu mu zo kan 'yar gaban goshin masu neman sauƙi, wato ta hannu, wadda wasu ke kira Beljiyam. Har kirari ake mata, wai tsohuwar Turai ta fi sabuwar Sin ƙarko. Mu tambayi kanmu: wanda ya cire ta, me ya sa ya cire ta? Ko ta tsufa, ko ta ci, ko ta daki wani abu zarenta ya tsinke a ciki, ko daga mashin ɗin da ya yi haɗari aka kwance ta. Ba mu san wanne ba ne, mai sayarwa ma bai sani ba. Dokar ƙasar nan ta sa tsofaffin tayoyi cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su, in ban da wasu na manyan motoci da ake sabunta wa fuska. Wato abin da muke alfahari da shi, ta bayan gida ya shigo. Akwai kuma wadda ba ta taɓa ganin Turai ba, a nan ta suɗe aka sa reza aka sake yanka mata zane, aka shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli. Wanda ya yanka wa suɗaɗɗiyar tayar babur sabon zane, 'yar robar da ta rage tsakanin titi da zare ya ƙwaƙule. Wannan ba sana'a ba ce, haƙa wa ɗan wani rami ne.

Ba mu ce kowace sabuwa ce ta kirki ba. Akwai jabu, akwai masu satar sunan kamfani su canza harafi ɗaya. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don a rage kuɗin dako da na fito, abin da ke lanƙwasa wayar bakin taya tun kafin a ɗaura ta. Amma maganin sabuwar banza shi ne sabuwar kirki, wadda aka duba aka karanta. Gudun jabu bai halatta mana gawa ba.

Masu shago, ku ma ga naku. Da yawanku iyayenmu ne da yayyenmu, tare muke sahu a masallaci. Kun fi mu sanin wace ce ta kwana biyu a sito, wace ce mai 4PR, wace ce masu saye ke dawowa suna kuka da ita. In yaro ya zo ya ce ba ni mai sauƙi, tambaya ɗaya za ku yi masa: me kake ɗauka da mashin ɗin? In ya ce hatsi, ku gaya masa gaskiya ko da zai tafi bai saya ba. Wanda ya san aibin kayansa ya yi shiru don ciniki ya faɗa, ya san sunan abin da ya aikata, ba sai mun faɗa masa ba. Kuma ku sauke tayoyin nan daga rana. Guda ɗaya ta isa talla, sauran a shigar da su inuwa.

Sai malam mai faci, wanda a hannunsa kyakkyawar taya ke zama mummuna. Lambar nauyin nan da muka yi ta magana a kai ba ta aiki sai da iskar da ta dace, don iska ce ke ɗaukar kaya, taya mazubinta ce. Ƙananan baburan Bajaj, abin da kamfani ke faɗa wajen 25 ne a gaba, 28 a baya in mutum shi kaɗai ne, 32 in da goyo, a ma'aunin psi da ke jikin geji. Amma masu facinmu nawa ne ke da geji mai aiki? Yatsa ne gejin, ko a ƙwanƙwasa da sifana a saurari ƙara. Mai kaya ya ce, “Ƙara mata, buhu zan ɗauka,” a yi ta bunƙa mata iska har ta koma dutse. Taya mai iska fiye da kima tsakiyarta kawai ke taɓa ƙasa, ta cinye da wuri, ta riƙa tsalle a kan burji, birki ya ƙi kamawa, in ta faɗa rami da kaya ta fashe. Mai ƙarancin iska kuma ta yi zafi, ta ci gefe, ta tsinke bawul, wili ya cije tib, ga shan mai. Geji ɗan ƙarami ne, bai kai kuɗin faci kaɗan ba, yana shiga aljihu. A auna da safe kafin a hau, lokacin da taya ke da sanyi.

Kuma don Allah mu daina sa tsohon tib a sabuwar taya. Tsohon tib ya riga ya saki, in aka tura shi cikin sabuwa sai ya naɗe, wurin naɗin nan ne zai ɓule. Tib mai faci bakwai ya gama bautarsa, a yanka shi a yi robar ɗaure kaya. Kafin a ɗaura, a duba cikin wili: in ya yi tsatsa a goge, a tabbatar robar da ke rufe kawunan sifok tana nan. In tayar na da kibiya a gefe, kibiyar ta kalli inda taya ke juyawa. Sabuwar taya kuma tana da santsi a kwanakin farko, a bi ta a hankali kafin ta kama ƙasa.

Akwai wani zalunci da muke yi wa tayar gaba. Da yake ta baya ce ke saurin cinyewa, ita muke canzawa sau biyu, sau uku, ta gaba kuwa tun wadda mashin ya zo da ita. Muna ganin zanenta bai ƙare ba, ba ma ganin ta bushe ta tsattsage. Alhali in ta baya ta sace ana tafiya, mashin zai yi ta wutsil-wutsil amma gwani yakan iya tsayar da shi. In ta gaba ta fashe ko ta zame, kan mashin ya tafi, sai dai a tsinci mutum. Ita ke juya mashin, ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin birki. Kowace tayar kirki tana da alamar ƙarewa: a nemi ɗan alwatika ko haruffan TWI a kafaɗarta, a bi shi zuwa cikin zane, za a ga ɗan tudu. Ranar da fuskar taya ta yi daidai da tudun nan, ta gama, ko da zare bai fito ba. Mu kuwa sai mun ga zare muke fara tunani, wani ma sai ya yanko tsohuwar taya ya shimfiɗa a ciki ya ci gaba.

Zanen ma abin dubawa ne. Wanda aikinsa cikin garin Funtuwa ne ko kan kwaltar Zariya, zane mai laushi ya fi masa, ya fi kama titi in an yi ruwa, ya fi daɗewa. Wanda kullum yana hanyar gona a Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara, cikin laka da damina da yashi da rani, mai manyan haƙora ce tasa. Suɗaɗɗiya kuwa ba ta da gida ko ɗaya: a laka ta yi ta juyi wuri ɗaya, a kwalta mai ruwa ta zame, don zanen ne ke kore ruwa daga ƙarƙashinta.

Mun san babbar amsar da ke jiranmu, kuma ba za mu raina ta ba: talauci. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Tayar babur kuwa mafi yawanta daga Sin da Indiya take zuwa, da dala ake sayo ta. Ƙasar da ke noman roba a Edo da Delta da Kuros Riba ta wayi gari Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙira a Ikeja a 2008. Wannan ba laifin ɗan acaɓar Malumfashi ba ne, kuma duk wanda ya ce masa “ka sayi mai kyau kawai” ba tare da ya san abin da ke aljihunsa ba, bai yi masa adalci ba.

Amma mu yi lissafin talaka da kansa. Mai araha da za ta cinye a wata biyu, da mai ɗan tsada da za ta kai wata biyar, wace ce mai arahar? A ƙara kuɗin faci, da yinin da aka rasa ana tura mashin, da tumatirin da ya ruɓe a hanya. A ƙara abin da ba ma son ambata: karaya ɗaya. Wata nawa mutum zai yi a kwance a gidan mai ɗori, ko a yi ta jigila zuwa Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano? Buhu nawa za a sayar? Wa zai yi noman bana? Mai kuɗi in ya karye yana da abin jinya. Talaka ƙafarsa ce jarinsa, don haka shi ya fi kowa buƙatar tayar kirki. Kuma a yankinmu akwai abin da ya fi karaya. Duk wanda ya san hanyoyin yammacin Funtuwa a shekarun nan ya san abin da ake nufi da taya ta sace wa mutum a daji dab da magariba. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai takan ci.

Kuma yawancin abin da muka lissafa ba ya cin ko sisi. Karanta lamba kyauta ne. Duba ranar ƙira kyauta ne. Ƙin karɓar tsohuwa a farashin sabuwa kyauta ne. Ajiye mashin a inuwa kyauta ne. Abin da ke da tsada shi ne sawu biyu a maimakon ɗaya, mun yarda, mai ya yi tsada. Amma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Masu ba da mashin haya ko biya-kaɗan-kaɗan, kada ku ɓuya a bayan yaranku. Kai ne mai mashin, kai ke karɓar balas kowace yamma, amma in taya ta suɗe sai ka ce yaro ya ji da ita daga abin da ya rage masa. Me ya rage masa? Dole ya nemi ta hannu. In ya faɗi, tambayarka ta farko ita ce, “Mashin ɗin fa?” A sa kuɗin taya cikin yarjejeniya tun farko, a riƙa ware wani abu kullum, a san ranar canji kafin ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, babu mai ja. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar ƙofar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce abin da Allah ya rubuta shi zai faru ba. Muna sa wa mashin kwaɗo biyu da sarƙa don kada a sace shi, a nan ba mu ce ƙaddara ba. Sai a kan abin da zai kare wuyanmu ne muke tuna tawakkali. Kuma mai suɗaɗɗiyar taya ba ransa kaɗai ya ɗauka ba. Matar da ta hau da goyo ba ta duba tayarsa ba, amana ta ba shi.

A ranar 6 ga Maris, 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe ana cikin gudu. Ƙasa ta girgiza, aka yi ta wayar da kai a kan tayoyin mota. In babbar motar minista ba ta tsira daga fashewar taya ba, ina ga mai ƙafa biyu da buhu a baya? Namu da ke faɗuwa tsakanin gona da kasuwa ba sa shiga labarai, sai dai a ce wane ya faɗi a mashin, Allah ya kiyaye gaba. Muna kira ga hukumomin kiyaye haɗurra da na ingancin kaya su kawo wannan wayar da kan har tashoshin 'yan acaɓa da kasuwannin hatsi, da Hausa, da taya a hannu ana nunawa. Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa, waɗanda ke yankar tikiti kullum, su sayi geji su ajiye a kowace tasha, su kuma hana mai zare a waje ɗaukar fasinja. Ikon da ya isa karɓar kuɗin tikiti ya isa duba taya.

Mu kuma da ke wannan zaure, Allah ya ba mu abin da da yawa daga masu hawan nan ba su samu ba, wato karatu. Ba sai mun jira kowa ba. Yau ɗin nan, kafin mu yi sharhi a ƙasan wannan rubutu, kowa ya fita tsakar gida ko ƙofar gida, ya durƙusa gaban mashin ɗin da ke wurin, nasa ne ko na yayansa ko na baba. Ya goge ƙurar gefen taya, ya nemi girma, ya nemi lambar nauyi, ya nemi lambobi huɗun nan, gaba da baya. Sa'an nan ya dawo ya rubuta mana abin da ya gani, da irin kayan da mashin ɗin ke ɗauka. Muna kyautata zaton wasunmu za su sha mamaki. In ya ga abin da bai yi masa daɗi ba, ya samu mai mashin cikin ladabi ya nuna masa da yatsa. Babba ne, ka ce, “Baba, ka ga wannan lambar?” Ba zai ƙi ji ba, don shi ma da buhun taki haka yake yi.

Wanda kuma yake ganin mun yi kuskure a wani wuri, musamman kanikawa da masu faci da masu shago da ke cikinmu, fili naku ne, a gyara mana. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa a kwashe amfanin gona lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.